Shafin mai gyaran lambu da tsofaffin kwastomominsa suka kasa shiga

Wani dattijo ne mai sana'ar gyaran lambun gidajen mutane ya kira ni, shi da yaran aikinsa 'yan kaɗan, suna yankan ciyawa, suna datse shinge, su sare rassan da suka hau katanga, su dasa furanni, su yi ban ruwa in masu gida sun yi tafiya, irin waɗannan ayyukan dai. Yana da shafin intanet da ɗansa ya haɗa masa da irin samfurin nan da ake saukewa a shirye, ka canza hoto ka canza suna shikenan. Abin da ya faɗa min a waya gajere ne, ya ce "Yarona, rubutun shafin nan nake so ka ƙara masa girma, akwai wata baiwar Allah da muke wa aiki shekara da shekaru, ta ce ba ta iya gani." Na ce toh Baba, bari in duba tukuna kafin mu yi maganar girman rubutu.

Matar nan ciwon suga ne ya taɓa mata ido, tana gani amma dishi-dishi, kuma abin kullum ƙaruwa yake. Da can da kanta take shiga ta zaɓi ranar da za a zo mata yankan ciyawa, yanzu sai ta jira jikanta ya zo ya yi mata, in bai zo ba sati ya wuce ciyawa ta tashi. Baba ya ce jiran ma da sauƙi, abin da ya fi ci mata rai shi ne lambunta ne, kuɗinta ne, amma sai ta roƙi wani.

Da muka zauna sai na tambaye shi, su waye suka fi kiran ku aiki? Ya fara lissafo min da yatsu. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta durƙuso, mutumin da ya samu shanyewar ɓarin jiki, wani da ke kan keken guragu, wasu miji da mata da duk sun haura saba'in, wata da hannunta ke rawa ba ta iya riƙe almakashin datse fure. Yana cikin lissafin sai ya yi shiru da kansa, don shi ma a nan ya gano abin da nake so ya gano. Mai ƙarfi a jika sau da yawa shi ke yanke ciyawarsa, wanda ke biyan gadina kuwa yawanci jiki ne ya ƙi. Wato mutanen da shafin ya fi wahalarwa su ne asalin kasuwarsa, kuma wallahi wannan ne ya sa na ɗauki aikin da zafi fiye da yadda na saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata nakasa babba, amma a cikin kwastomomin mai gyaran lambu ba sai an yi lissafi ba, littafin aikinsa kawai ka buɗe.

Ya tambaye ni ko doka ce ta tilasta. Na ce masa ya danganta da ƙasar da mutum yake, ko a Tarayyar Turai da dokarsu ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da irin waɗannan shafuka ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025 an ware 'yan ƙananan kasuwanci masu ma'aikata ƙasa da 10 da ɗan ƙaramin ciniki, toh mu bar batun doka mu yi don mutanen nan. Ma'aunin da na bi shi ne WCAG, ƙa'idojin gina shafi yadda masu nakasa za su iya amfani da shi, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ke fitarwa, na farko ya fito 1999, na yanzu 2.2 ya fito Oktoba 2023, kuma yana da mataki uku, A da AA da AAA. Na tsakiyar na sa a gaba don shi kusan kowa ke bi.

Gwajin farko ko sisi ba ya ci, linzamin kwamfuta kawai na zare na ajiye gefe, na ce bari in yi odar yankan ciyawa da kibod kaɗai, maballin Tab da Enter, yadda makaho ke yi ko wanda hannunsa ke rawa. Na danna Tab sau wajen goma ban san inda nake a shafin ba, saboda wanda ya tsara samfurin ya kashe zanen nan da ke kewaye abin da ka iso kansa, wai don kada ya ɓata kyan shafi. Jerin ayyuka na sama sai ka ɗora linzami a kai yake buɗewa, da kibod ba ya motsi. Sai wani akwati ya faɗo yana tallan rangwame, na danna Esc bai tafi ba, na danna Tab na ji ina yawo a bayansa, ga shi ya rufe komai. Babban abin kuma, maballin "Nemi aiki" ɗin kansa ashe hoto ne kawai aka liƙa masa umarnin in an taɓa shi da linzami ya buɗe fom, Tab tsallake shi yake kamar babu shi. Kenan mai kibod ko zai kwana a shafin nan ba zai taɓa isa fom ɗin ba. Baba yana gefena yana kallo, ya ce "Ashe ba girman rubutu ba ne kawai."

Daga nan na kunna NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, kyauta ce a Windows, sannan na gwada takwarorinta, TalkBack a wayar Android da VoiceOver a iPhone. Na kashe hasken allon na saurara kawai. Duk hoton da aka zo kansa sai ta karanta sunan fayil, haruffa da lambobi barkatai irin waɗanda kyamara ke sawa. Lambar wayar Baba, wadda ita ce abu mafi muhimmanci a duk shafin, a cikin hoton saman shafi aka rubuta ta, manhajar ba ta ma san akwai ta ba, kuma ko mai gani ba zai iya danna ta ya kira ba sai dai ya kwafa da hannu. Kanun rubutu kuma an yi su ne da ƙara girman harafi kawai ba da alamun kanu na HTML ba, wato yaren da ake gina shafi da shi, alhali masu amfani da wannan manhaja da kanu suke tsalle daga sashe zuwa sashe, a NVDA harafin H kawai suke dannawa. Babu kanu, sai mutum ya saurari shafin tun daga sama har ƙasa kamar ana masa karatun wasiƙa.

Batun kala ne muka ɗan ja da ɗan Baba, don shi ya zaɓi kalolin kuma yana son su. Shafin lambu ne, toh komai kore, rubutu kore mai haske a kan fari, wani wurin ma farin rubutu a kan hoton ciyawa da rana ta haska. WCAG ya ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Da na auna koren nan na sa, 2 da ɗan kaɗan ne. Na ce masa ba kore za mu cire ba, duhu za mu ƙara masa, muka yi ta gwadawa har muka samu kore mai duhu irin na ganyen da ya sha ruwa wanda ya haye ma'aunin, mai hasken kuma muka bar shi ga ado da layuka inda ba karantawa za a yi ba. Rubutun da ke kan hoto muka sauko da shi ƙasan hoton. Na nuna masa kuma cewa ba shi kaɗai ke wannan kuskuren ba, binciken da cibiyar WebAIM mai aiki kan sauƙaƙa wa masu nakasa shafukan intanet ke yi duk shekara a kan shafuka miliyan ɗaya da aka fi ziyarta kullum yana nuna fiye da kashi 90 cikin 100 suna da kurakuran da na'ura ke iya ganowa, kuma rubutu maras fitowa shi ne na ɗaya. Ya ɗan saki jiki bayan nan.

Kalandar zaɓen rana ita ma da kala kaɗai take magana, ranar da akwai gurbi kore, ranar da ta cika ja. Makantar kala ta ja da kore ita ce ta fi yawa, ana cewa wajen namiji 1 cikin 12 ne ke da makantar kala, mata kuwa wajen 1 cikin 200, toh ga irin waɗannan mutane kalandar duk ɗaya take. Ga shi kuma da kibod ba ta aiki ko kaɗan. Na so in gyara ta, na kwana biyu a kanta, daga baya na ga gara a cire ta gaba ɗaya. Baba dai ba likita ba ne da zai ba mutum ƙarfe goma da kwata daidai, aikin lambu ruwan sama ma na iya ɗaga shi. Muka mayar da ita tambayoyi biyu masu sauƙi, wace rana a sati ta fi miki, safe ko yamma, sai su tuntuɓe ka su tabbatar. Gaskiya yawancin aikin da na yi a shafin nan cire abubuwa ne, akwatin rangwame ya tafi, hotunan saman shafi da ke sauya kansu da kansu suka koma hoto ɗaya tsayayye, don ƙa'ida ta ce duk abin da ke motsi da kansa fiye da daƙiƙa 5 sai an ba mutum hanyar tsayar da shi, mu kuma muka ga ba ma buƙatar motsin sam.

Inda na fi daɗewa shi ne bayanin hotuna, abin da ake rubutawa a cikin alt don manhaja ta karanta a madadin hoton. Sana'ar lambu da hoto take tallata kanta, kafin aiki da bayan aiki, kuma da yawa suna ɗauka makaho ba ruwansa da wannan. Kuskure ne babba. Makaho ma yana so ya san irin aikin da zai biya, yana da baƙi, yana da maƙwabta, yana jin ciyawa a ƙafarsa, yana jin reshe in ya dake shi a fuska. In ka rubuta "hoton lambu" ba ka faɗi komai ba. Sai na zaunar da Baba na ce ya kwatanta min kowane hoto kamar yana faɗa wa kwastoma a waya, ni kuma ina rubutawa, kuma abin da ke fitowa daga bakinsa ya fi duk wanda zan ƙirƙira. A wani hoton Baba ya ce shinge ne da ya yi tsawo ya rufe taga, ya kwanto kan hanyar shiga gida. Na bayan aikin kuma, shingen an datse shi daidai kugu, hanyar ta buɗe har ƙofa. Shikenan bayanin ya gama, jimla ɗaya kowanne. Su kuma 'yan zanen ganye da aka watsa a shafin don ado, alt ɗinsu a wofi muka bar shi da gangan don manhajar ta tsallake su, kar ta cika wa mutum kunne da "ganye, ganye, ganye". Takardar farashin ayyuka ma hotonta aka ɗauka da waya aka mayar PDF, wato ga manhaja farar takarda ce babu komai, muka sake buga ta a matsayin rubutu a cikin shafin, a tebur mai kanun da aka yi daidai.

Fom ɗin neman aiki kuwa sunayen gurabensa a cikin guraben aka rubuta su da toka-toka mai haske, kana fara rubutu sunan ya ɓace, tsoho ya ɗaga kai ya dawo ya manta me ake tambaya a nan. Muka fito da kowane suna saman gurbinsa, muka ɗaure shi da gurbin a cikin HTML yadda manhaja za ta faɗe shi. In ka yi kuskure da can gurbin ja kawai yake yi, yanzu rubutu ne ke fitowa ya ce lambar wayar ba ta cika ba. Gwajin nan na "zaɓi hotunan da ke da fitilar hanya" don tabbatar da cewa kai mutum ne shi ma muka cire, muka sa wani ɓoyayyen gurbi da mutane ba sa gani kuma manhajar karatu ba ta karantawa amma na'urorin turo saƙon banza ke cikewa, duk wanda ya cike shi a watsar da saƙonsa. Maballan waya muka ƙara musu girma, WCAG 2.2 ya ce aƙalla 24 da 24 na ɗigon allo, ni dai 44 na yi saboda ina tunanin matar nan da hannunta ke rawa.

Sai batun kurame, wanda na kusa mantawa da shi sai da na ga kusan kowane shafi ya ƙare da "kira mu". Kurma ya kira ya ji me? Muka ƙara tambaya a fom ɗin, ta wace hanya kake so mu tuntuɓe ka, kira ko saƙon waya ko imel, kuma na ja kunnen Baba cewa in mutum ya zaɓi saƙo kar wani yaro ya ɗauki waya ya kira shi. Bidiyonsa guda biyu da yake bayanin datse fure muka yi musu rubutun ƙasa da hannu, don na atomatik yana dagula sunayen tsirrai.

Akwai gurbi ɗaya da Baba ne ya kawo shi ba ni ba, kuma shi na fi so a duk aikin. Ya ce ai akwai abubuwan da yaransa ya kamata su sani kafin su shiga gida, ya taɓa ganin an bar robar ban ruwa a miƙe a kan hanya a gidan mai raunin gani, saura kaɗan ta faɗi. Makaho ya haddace inda kowace tukunyar fure take, ka matsar da ita taku ɗaya ka sa masa tarko. Mai keken guragu in ka tara yankakkun rassa a hanya ka kulle shi a gida har ka dawo. Kurma ƙwanƙwasa ƙofa ba ya masa amfani, saƙo za ka tura ka ce mun iso. Toh muka sa gurbi da ke cewa akwai abin da kake so ma'aikatanmu su kiyaye in sun zo, da misalai biyu a ƙasa, kuma ba dole ba ne a cike. Ban yarda a tambayi mutum wace lalura gare ka ba, wannan sirrinsa ne, abin da gadina ke buƙatar sani shi ne me zai yi me zai bari.

Ana cikin haka ɗan Baba ya kawo min tallan wani abu da ake liƙa wa shafi da layi ɗaya, ɗan maballi ya fito a gefe, wai shi zai gyara komai da kansa. Na ƙi, kuma na faɗa masa dalili. Irin wannan abin ba zai san cewa shingen da ke hoton ya rufe taga ba, kuma wanda ke da raunin gani ya riga ya saita wayarsa da manhajarsa yadda yake so, abin da yake nema shi ne shafi ya daina faɗa da saitinsa. Haka su ma kayan gwaji irin WAVE da axe da Lighthouse na cikin Chrome, na yi amfani da su kuma sun taimaka wajen kala da guraben da ba su da suna, amma wani ɓangare kawai suke kamawa, za su ce maka hoto yana da bayani amma ba za su ce maka bayanin shirme ba ne.

Shi ya sa da na ga kamar na gama sai muka je wajen matar da ta fara kawo ƙorafin, muka kuma nemi wani makaho da ya daɗe yana aiki da NVDA, muka biya shi ladan lokacinsa don aiki ne ya yi mana. Na ce mata Mama ki yi yadda kika saba kar ki kula da ni. Ta ƙara girman shafin sosai, ya fi ninki biyu da ni na gwada, sai ga ɗan da'irar hira da ke manne a ƙasan allo ya kumbura ya zauna daidai kan maballin turawa. Ta cike komai tsaf amma ba ta ga inda za ta danna ba. Ni ban taɓa ganin wannan ba don ban kai girman da take kaiwa ba, alhali ƙa'idar ta ce shafi ya iya tattaruwa a faɗin ɗigo 320, wanda daidai yake da ƙara girma zuwa kashi 400 a allo mai faɗin 1280. A wurin na cire da'irar, ta sake gwadawa ta tura, wayar Baba ta yi ƙara a aljihunsa, ta ce masa "Alhamis da safe, kar ku makara."

Shi kuma makahon cikin 'yan mintuna ya kamo abu biyu. Ya sa manhajar ta jero masa duk mahaɗan shafin, sai ga "danna nan" har sau biyar a jere, ba wanda ya san ina kowanne zai kai shi, muka mayar da su "farashin yankan ciyawa", "hotunan gyaran shinge" da sauransu. Na biyu, bayan ya tura fom saƙon "mun karɓa" yana fitowa a allo amma manhajar shiru take, sai ya sake turawa har sau uku yana zaton bai tafi ba. Na gyara yadda saƙon zai sanar da kansa da ya fito.

Abu biyu ne har yanzu ba su yi min daidai ba. Shafin biyan kuɗi na wani kamfani ne daban, ba hannunmu a kai, kuma yana fitar da mutum in ya daɗe bai gama ba, toh mun rubuta musu, kafin su amsa kuma mun sa a fili cewa ana iya biya bayan an gama aiki. Taswirar da ke nuna unguwannin da suke zuwa ita ma da kibod wahala ce, sai muka jera sunayen unguwannin da rubutu a ƙasanta. Duk wannan mun faɗe shi a wani ɗan shafi da ke bayanin abin da muka gyara da abin da ya rage, da hanyar da mutum zai sanar da mu in ya maƙale, saƙo ko kira.

Ɗan Baba ne ke ɗora sabbin hotuna duk bayan aiki, toh na saita wurin ɗorawar yadda ba zai karɓi hoto ba sai an rubuta bayaninsa ko an nuna cewa na ado ne, na kuma rubuta masa 'yar takarda ya liƙa kusa da kwamfutar, kar a rubuta lambar waya ko farashi a cikin hoto, kar a taɓa koren nan mai duhu, duk sabon abin da aka ƙara a zare linzami a gwada shi da Tab. Satin da ya wuce na leƙa na ga ya ɗora hotuna huɗu, uku bayaninsu ya yi kyau, na huɗun ya rubuta "aikin yau" kawai, na kira shi na ce ya tambayi Baba me aka yi a wannan gidan, ya rubuta shi yadda Baba ya faɗa.